Narka robar koto a maikirowef: yadda ake yi da inda haɗarin yake

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina kamun kifi da fatsa a dam ɗin da ke kusa da mu. Wani ɗan'uwana ya kawo mini koton roba daga waje, irin mai laushin nan mai siffar tana da ƙananan kifaye, yanzu yawancinsu sun yayyage. Na ga bidiyon Turawa suna narka irinsu a na'urar ɗumama abinci suna zuba sababbi. Zan iya yin haka da ta gidanmu? In kuma robar ta ƙare, zan iya narka leda ko tsohon silifa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka gani ba rufa-ido ba ne, ana yi, kuma koton yana fita da kyau. Na yi shekaru ina aikin roba a masana'anta kafin sha'awar fatsa ta kai ni ga zuba koto da hannuna, don haka zan yi maka bayani ta fuskar sinadarin da ta fuskar ruwa. Amma ga amsa biyu tun da wuri, kada su ɓace a cikin dogon zance. Na'urar da iyalinku ke ɗumama abinci a ciki, kada roba ta shige ta ko sau ɗaya. Leda da silifa kuma ba za su taɓa zama koto ba, hayaƙi kawai za ka shaƙa.

Mu kalma ɗaya gare mu, roba. Da ita muke kiran bokiti, da tayar mota, da gorar ruwa, da danƙon ɗaure kaya, alhali a wurin mai sana'a waɗannan ko dangi ba su haɗa ba. Koton da aka kawo maka, in dai irin wanda aka saba ne, da wani haɗi aka yi shi mai suna filastisol. Garin PVC ne mai laushi ƙwarai, sinadarin nan da ake yin bututun ruwa da shi, aka dama shi a cikin wani mai na musamman wanda aikinsa tausasa roba. A kwalba fari ne tsululu kamar madara. Yawan man ne ya sa koton ke lanƙwasa yana kaɗa wutsiya a ruwa, bututu kuwa da ba shi da man ya tsaya ƙyam.

Sana'ar ma a gida aka haife ta. A 1949 wani ma'aikaci mai suna Nick Creme, a birnin Akron na jihar Ohayo a Amurka, garin da ya yi suna da masana'antun taya, shi da matarsa Cosma suka riƙa dafa roba a gidansu har suka fitar da tanar roba mai laushi, wadda suka ɗauki siffarta daga tana ta gaske. Daga baya kamfanin ya koma garin Tyler a jihar Tekzas, inda masu kamun bas, wani kifi mafarauci na can, a madatsun ruwa suka rungumi abin. Bidiyon da kake gani jikokin wannan aikin ne. Na'urar maikirowef ta shigo ne don ta fi tukunya sauri ga wanda kofi ɗaya kawai zai narka.

Yanzu ka natsu a nan, domin nan ne dukan sana'ar take. Idan ka ɗora sabon filastisol a zafi, matakai uku yake bi. Da farko madara ne. Sai garin ya fara shan man yana kumbura, abin ya yi kauri kamar talge, har ya kai kamar tuwon da aka tuƙa, wuƙar juyawa ta riƙa tsayawa a ciki. A nan sabon shiga ke tsorata ya ce ya lalace, ko kuwa ya danna mintuna masu yawa don ya gaggauta. Duka biyun kuskure ne. In ka ci gaba a hankali, tuwon zai saki, farin ya washe, ya koma garau yana zuba kamar zuma mai ɗumi. Wannan yana cika ne a wajen digiri 177 na ma'aunin Salshiyos, wato 350 ɗin da za ka ji Amurkawa suna ta ambata a nasu ma'aunin na Faranhait. Sabon filastisol dole ya taɓa wannan zafin sau ɗaya, in ba haka ba bai dahu ba: koton zai fito yana danƙo, yana tsatsafo da mai, kifi na taɓa shi ya yage. Da zarar ya dahu kuma, ba ya komawa madara har abada. In ya huce roba ne mai laushi, in ka sake ba shi zafi ya narke, kuma karo na biyu ba ya buƙatar zafi kamar na farko, da ya yi ruwan da zai zubu ya isa.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin dahuwa da ƙonewa ƙanƙanuwa ce. Da ka haura digiri 190, ko ka bar shi ya daɗe a zafi, sai ya fara jirkicewa: rawaya-rawaya, sannan ruwan ƙasa, sannan baƙi da hayaƙi. Fiye da rabin nauyin PVC sinadarin kulorin ne, kusan kashi 57 cikin 100. Idan ya ƙone, kulorin ɗin yana fita a matsayin iskar da take zama ruwan asid da zarar ta haɗu da danshi, danshin da ya fi kusa da ita kuwa shi ne na idonka da hancinka da huhunka. Wanda ya taɓa shaƙar ta ba ya mantawa, maƙogwaro ke ƙuna, ido na hawaye, tari ya ƙi tsayawa. Mai asma ko ciwon ƙirji, ina ba shi shawara ya bar wannan aikin gaba ɗaya.

Ita kuma maikirowef ba ta raba zafi daidai. Kai ma ka sani, sau nawa ka ɗumama shinkafa gefe ɗaya ya ƙona baki, ɗaya gefen da sanyinsa? Ruwa yana yawo a cikin kofi da kansa ya rarraba zafin, roba mai kauri ba ta yawo. Sai ka tarar can cikin kofin wani wuri ya riga ya fara ƙonewa, alhali a sama guntaye ko narkewa ba su yi ba. Ido zai ce maka ƙara wuta, cikin kofin kuwa ya wuce iyaka. Maganin wannan guda ɗaya ne: zafi kaɗan-kaɗan, juyawa kowane karo. Ni da kofi ɗaya, wato mililita 240, minti 1 nake fara ba shi, in fitar in juya sosai har ƙasa, sannan daƙiƙa 30, in juya, in sake, har ya wuce matakin tuwo. Da ya fara washewa sai in koma daƙiƙa 15, wani lokaci 10. Rabin kofi ya fi cikakken kofi saurin ƙonewa, ka riƙe wannan. Kuma muddin na'urar tana aiki idonka yana kan gilashin ƙofar, ba amsa waya, ba leƙa waje.

Kada ka haddace mintunan wani daga bidiyo. Na'urori sun bambanta, wata ƙarfinta wat 700, wata 1,200. Ga kuma halin wutarmu, yau ta zo da ƙarfi gobe ta zo rabi, mintin da ya yi maka daidai jiya yau ya ƙona ko ya kasa. Ƙaramin janareton da ke ɗaukar fanka da talabijin ba zai ja ta ba, don wutar da take sha ta fi lambar da aka rubuta a matsayin ƙarfinta. Abin dogaro shi ne ma'aunin zafi. Mai tsinken ƙarfe da ake tsomawa, wanda ke karanta sama da digiri 200, shi ya fi faɗin gaskiya. Mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa saman robar kawai yake gani, sai ka juya tukuna ka auna nan take. Na asibiti da aka riƙa auna goshi da shi lokacin korona ba ya kai wannan zafin, kada ka wahalar da kanka. In kuɗinka abu ɗaya za su saya a cikin kayan aikin nan, to ma'aunin zafi ne.

Dalilin hana na'urar gida kuwa, ko ba ka ƙona komai ba, man da ke cikin robar yana tashi da zafi ya lafe a bango da rufi da ramukan iska da fankar ciki, inda tsumma ba ya kaiwa. Gobe a ɗumama kunun yaro a ciki. Wasu daga cikin mayukan tausasa PVC, dangin da ake kira fitalet, an tabbatar suna taɓa sinadaran jiki masu kula da girma da haihuwa, har Amurka ta yi doka a 2008 ta hana wasunsu a kayan wasan yara, Turai ma ta hana. Akwai masu sayar da filastisol marar su, amma tsohon koton da ke hannunka ba ka san da wane mai aka yi shi ba. Ka nemi tsohuwar na'ura a wurin masu gyara ko 'yan gwanjo, ka duba ƙofarta tana rufuwa ruf, farantin ciki yana juyawa. Ka rubuta mata gargaɗi da fenti, ka ajiye ta inda mai ɗakinka ko ƙannenka ba za su ɗauka bisa rashin sani ba. Kofin da wuƙar da duk abin da ya taɓa robar, sun bar kicin ke nan.

A waje za ka yi aikin, ƙarƙashin rumfa, iska tana busowa daga bayanka tana tafiya da tururin gaba, nesa da madafa da inda yara ke wasa. In babu iska ka kunna fanka a bayanka. Takunkumin ƙyalle ƙura yake tarewa, ba ya tare tururin sinadari. Wanda ke aiki shi ne mai gwangwanaye biyu irin na masu fentin mota, da matatar da aka yi don tururin sinadarai da iskar asid. Idan kuma ka ga hayaƙi ya turnuƙe a cikin na'urar, kada ka buɗe ƙofar. Kashe ta, zare filogi, ka koma ta inda iska ke fitowa, ka bar ta ta huce.

Sai ruwa, kuma wannan ne ya fi raunata mutane. Digiri 177 zafin man suyar ƙosai ne. Ka san yadda mai ke yi in ɗigon ruwa ya faɗa kasko. To roba ta fi shi muni, don ɗigon yana nutsewa ciki, ya zama tururi mai girman da ya ninka nasa wajen sau 1,700, ya fashe ya watso robar sama. Mai in ya zubo maka yana gangarewa, wannan kuwa mannewa take yi a fata tana ci gaba da ci. Masu zubin tukwanen alminiyam sun san wannan dokar tun da daɗewa, ba sa yarda danshi ya kusanci narkakken ƙarfe. A ƙasarmu mai zafi, ruwan da ya fi kusa da kofinka shi ne gumin goshinka. Ka sunkuya kana juyawa, ɗigo ɗaya ya sauka. Ka ɗaura ƙyalle a goshi, kuma kada fuskarka ta tsaya a saman kofin. Da damina ka duba rumfar ba ta yoyo.

Ni ma robar ta taɓa cin hannuna. Na wanke tsofaffin koto da safe, na shanya su awa biyu, na ga sun bushe a ido, na yanka na zuba. Ashe irin masu gishiri ne, gishirin ya riƙe ruwa a cikinsu. Ina fitar da kofin na soka wuƙa, sai abin ya taso da kumfa kamar madarar da ta tafasa, ya malalo ta gefe ya sami tsintsiyar hannuna daidai inda safa ta ƙare. Tabon yana nan har yau. Tun daga ranar, koton da ya taɓa ruwa sai ya kwana biyu a shanye bayan na yayyanka shi, kuma safar da nake sawa doguwa ce ta fata irin ta masu walda.

Ka sa riga mai dogon hannu ta auduga, kada ka sa rigar ƙwallo ko wani yadi na leda, don shi ma narkewa yake ya haɗu da fata. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Tabarau mai rufe gefen ido. Ka ajiye bokitin ruwa mai tsabta taku biyar daga teburin, ba a kansa ba. In tsautsayi ya faɗa, ka sa wurin a ruwa mai sanyi nan take, ka ci gaba da kwarara har minti 20. Ba ƙanƙara ba. Robar da ta manne kada ka fizge ta da ƙarfi. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko baƙin mai, duk waɗannan ƙara wa ciwon datti suke. In a fuska ne, ko ido, ko yatsu, ko wurin ya yi faɗi, asibiti kai tsaye.

Kofin ya zama na gilashi mai jure zafi, mai mariƙi da bakin tsiyaya, irin na awo na Pyrex. Kofin shayi na gilashi zai fashe, na roba zai narke, na ƙarfe zai yi tartsatsi. Ko mai jure zafin ma ba ya son sauyi na farat ɗaya, don haka kada ka dire shi a kan siminti mai sanyi ko jiƙaƙƙen wuri, ka tanadi busasshen katako. Wanda ya tsage ko ya ɓantare a baki ka yar da shi. Da wuƙar ƙarfe marar kaifi ake juyawa, a cire ta kafin a mayar da kofin ciki. Tsinken itace yana ɗauke da danshi da iska, kumfa zai cika maka robar. Juyawar ma a hankali, ba irin kaɗa miyar kuka ba.

To mu dawo kan tsofaffin naka. Kafin komai ka tantance su, don ba duk koto mai laushi ne PVC ba. Akwai na kamfanin Z-Man da suke kira ElaZtech, wanda za ka ja shi ya miƙe ninki da yawa bai tsinke ba, kuma yana yawo a saman ruwa. Wannan wata roba ce daban, ko a jaka ɗaya ka haɗa shi da na PVC sai su narkar da juna su dame. Akwai kuma Gulp! na kamfanin Berkley, wanda ke zuwa a jiƙe cikin ruwansa mai wari, ya bushe ya ƙandare in an bar shi a waje. Shi da ruwa aka gina shi, kada ya kusanci kofinka. In kana shakka, akwai gwajin da muke yi a wurin aiki: ka gasa bakin wayar jan ƙarfe a wutar gas har ta daina ba da launi, ka dangwala ta a jikin robar, ka mayar cikin harshen wutar. In wutar ta yi kore, akwai kulorin, alamar PVC ce. A waje ake yi, kuma ɗan dangwale ya isa.

Waɗanda suka tsallake, ka cire musu duk wani ƙarfe: ƙugiya, dalmar da ke kai, waya, idon da aka manna, ƙwayoyin da ke kaɗawa a ciki. Ƙarfe tartsatsi yake yi, dalma kuma guba ce. Ka wanke da sabulu, ka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ka shanya sosai. Ka ware su launi-launi, domin in ka haɗa ja da kore da fari launin laka za ka samu. Shi ma ba asara ba ne, in ka ƙara masa baƙi yana kamu a ruwa mai duhu. Guntaye sun fi sabon ruwa wuyar narkewa daidai, saboda haka nan ma daƙiƙa 30 ne da juyawa, kana danna waɗanda ba su narke ba cikin wanda ya narke. In kana da sabon filastisol, ɗan kaɗan a ƙasan kofin yana taimakawa ƙwarai. Kowane narkawa yana cinye wani sinadarin da aka sa don kare robar daga ƙuna, shi ya sa a karo na uku ko na huɗu za ka ga launi ya dushe, wari ya ƙaru. Masu sayar da filastisol suna sayar da wannan sinadarin a ƙaramar kwalba, ɗigo kaɗan ake sawa. Sabon filastisol kuma yana kwantawa a gindin kwalba kamar kamu, sai ka motsa shi har ƙasa kafin ka ɗiba, ka bar kumfar ta lafa. In ba ka yi ba, zubin farko zai fito lakwaf yana danƙo, na ƙarshe ya fito da tauri.

Leda kuwa, irin ta fiya wata da baƙar ledar cefane, wata roba ce da igiyar zafin na'urar ke ratsawa kusan ba ta taɓa ta ba, in ma ka narka ta a wuta, da ta huce ƙandarewa take. Gorar ruwa sai ta kai wajen digiri 250 take narkewa, ta huce da tauri. Taya da tub an riga an gasa su da farar wuta, ba sa narkewa, ƙonewa kawai suke. Silifa kala-kala ne, wasu soso ne, wasu PVC ne amma cike da garin alli da rini da abin da ba ka sani ba. Bututun ruwa PVC ne marar mai, zai ƙone kafin ya zuba. Bawon tsohuwar wayar lantarki ma PVC ne, sai dai a da ana haɗa shi da sinadarin dalma. Za ka kuma ji masu buga rubutu a riga suna da tawada mai suna filastisol. Dangi ne, amma an haɗa ta da kauri don ta zauna a yadi, ba za ta ba ka koto mai motsi ba.

Mazubin, wato abin da masu bulo ke kira mol, za ka iya yin sa da garin POP na silin. Ka zaɓi koto ɗaya lafiyayye mai shafaffen gefe, ka manna shafaffen gefen a gindin ƙaramin mazubi, ka shafa ɗan mai, ka dama POP ka zuba a kai, ka bubbuga don kumfa ta tashi. In ya kama ka juya ka cire koton, ramin siffarsa ya fito. Sauran aikin haƙuri ne: POP yana riƙe ruwa kwanaki, sai ya sha rana kamar mako guda, sannan ka shafe ramin da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe. Shafin ne ke sa koton ya fito da sheƙi. Mazubin silikon ya fi sauƙin cirewa, na alminiyam ya fi kowanne fitar da zane da daɗewa, amma da tsada. Wajen zubawa, ka fara daga siririn wuri kamar wutsiya tun robar na da zafi, da siririn zubi, ka taho zuwa kai. Tana hucewa tana ɗan shanyewa, sai ka ƙara ɗigo a inda ya lotsa. Bayan minti kaɗan ka cire, ka jefa a ruwan da ke can nesa, sannan ka shimfiɗa shi a miƙe ya kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya huce a lanƙwashe haka zai zauna. Mazubi mai murfi biyu da ake ɗura wa roba da babban sirinjin ƙarfe, ka bar shi sai hannunka ya faɗa, don matsi da narkakkiyar roba in suka haɗu, ta duk inda ta sami kafa take tsartuwa. Sirinjin allura na roba kuwa kada ma ka gwada.

Launi nasa daban ne, mai narkewa a mai. Kalar abinci da ruwa aka yi ta, ka san abin da zai biyo baya. Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ka jefa guntun tsohon koto mai launin da kake so. Ƙyalƙyalin kwalliya na kasuwa narkewa yake ya ɓata launin, akwai wanda aka yi don jure zafi, kuma a ƙarshe ake sa shi. Gishiri mai laushi, busasshe, yana ƙara nauyi koton ya nutse da sauri, shi ne sirrin tanar robar nan mai suna Senko ta Gary Yamamoto, wani mai ƙera koto a Amurka, amma yana rage ƙarko, kuma yana kwantawa a gindin kofi in ba ka juya kafin kowane zubi ba.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tambayi kanka wane kifi ne a dam ɗinku. Koton roba na kifi mafarauci ne, wanda ke bin abu mai motsi da ido. Ba a jefa shi a zauna jira kamar tana, sai ana ja ana saki, ana ba shi rai da hannu. Giwan ruwa tana cin sa sosai, musamman mai siffar ƙaramin kifi fari ko ruwan azurfa, masu fatsa ma har tafkin Nasser na Masar suke zuwa dominta. Tsage ma yana kai masa hari, sai dai haƙoransa suna yanka roba kamar reza, dole ka sa 'yar waya tsakanin ƙugiya da zare, kuma shi ne zai tara maka yagaggun da za ka narka. Tarwaɗa da ƙamshi da gashin baki take neman abinci, a ruwa mai laka tana ta gaske ko hanjin kaza sun fi mata. Karfasa kuma yawancin cinta ganye ne da gansakuka. In waɗannan biyun ne suka fi yawa a wurinku, ka narka 'yan waɗanda kake da su don kada su tafi a banza, amma ban ga dalilin yin odar filastisol daga waje ba. In akwai giwan ruwa da tsage, wahalar ta cancanta. A wuri mai ciyawa kuma, ka koyi soka ƙugiya irin ta mutanen Tekzas, inda ake ɓoye tsinin a cikin jikin robar don kada ya sarƙe.

Yagaggen koto kada ka jefa shi a ruwa. Kifi yana haɗiye shi, ba ya narkewa a cikinsa, wani koton ma kumbura yake. Ka zuba a aljihun jaka ka dawo da shi, ai shi ne jarin zubi na gaba. Sababbin ka ajiye su a ledar da ke rufuwa, launi-launi don suna rina juna, a inuwa, kuma kada su jingina da akwati mai ƙarau irin mai fashewa, man jikinsu yana cin sa. Abin da ya rage a kofi ka bar shi ya huce, zai ɓare gaba ɗaya kamar fata, ka adana. Wanda ya ƙone ya yi baƙi ba ya gyaruwa, kuma guntunsa ɗaya yana ɓata sabon kofi. Ka ƙulle shi a gwangwani mai murfi kafin ka zubar, kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta, kada kuma ya faɗa inda awaki ke kiwo.